Yadda Ake Haɗa Ƙidaya Daban-daban Domin Gano Yawan Tsuntsayen Ruwa

Ɗalibai masu rubuta kundin digiri da ma'aikatan kula da namun daji sun sha yin tambaya iri ɗaya: idan mutum ya tara alƙaluman ƙidayar tsuntsaye daga hannu uku ko huɗu, kowanne da irin hanyar da aka bi aka tattara shi, yaya zai haɗa su har ya iya cewa tsuntsayen ƙaruwa suke yi ko raguwa? Za mu bi aikin mataki-mataki da misalin dausayin Hadejiya-Nguru da ke tsakanin jihohin Jigawa da Yobe, kuma tsuntsuwar da za mu riƙe ita ce kirinjijiya, agwagwar nan mai farar fuska da ke taruwa garke-garke a tafkuna. Wanda yake aiki a kan kifi ko wata dabbar dawa zai iya bin matakan kamar yadda suke, illa ya sauya ma'aunin ƙoƙarin da aka yi wajen ƙidaya.

1. Tsayar da tambaya kafin a taɓa alƙaluma

Tambayoyi uku ne ake yawan cakuɗawa: tsuntsaye nawa ne a wurin, yawansu hawa yake yi ko sauka daga shekara zuwa shekara, kuma a waɗanne tafkuna suka fi taruwa. Ta farko ita ce mafi wuya, domin tana buƙatar sanin kason tsuntsayen da idon mai ƙidaya bai gani ba. Ta biyu ta fi sauƙi, kuma ita ce mafi yawan alƙaluman da ke hannun mutane za su iya amsawa da gaskiya. A rubuta tambayar a jumla ɗaya, a faɗi tsuntsu, da iyakar wuri, da watan da ake nufi, misali: yadda yawan kirinjijiya ya sauya a watan Janairu a tafkunan da ke tsakanin Baturiya da Dagona.

Gargaɗi: kada a haɗa ƙidayar damina da ta rani ƙarƙashin tambaya guda. Wasu tsuntsayen dausayin baƙi ne da ke zuwa daga Turai da Asiya bayan damina su koma kafin bazara ta ƙare, ita kuma kirinjijiya tana bin ruwa ne duk inda ya kwanta.

2. Kayan aiki da abin da za a kashe

Manhajojin da ake buƙata duk kyauta ne: R da RStudio domin lissafi, da QGIS domin taswira. A cikin R za a sauke ƙunshin glmmTMB da mgcv da DHARMa, sai auk ga mai amfani da bayanan eBird, wato rumbun intanet da masu kallon tsuntsaye ke saka abin da suka gani. Kwamfutar hannu mai ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 8 ta isa. Inda kuɗi ke tafiya shi ne sayen data domin sauke manyan fayiloli, da wutar da za a yi caji, sannan man fetur da hayar kwale-kwale da sallamar ɗan jagora idan aka kai mataki na biyar. Lokaci kuwa, mafi yawansa gyaran alƙaluma ne zai cinye, gina samfurin lissafin kansa, wato tsarin lissafin da zai kimanta yawan tsuntsaye daga alƙaluman, bai cika wuce 'yan kwanaki ba.

3. Tattaro ƙidayoyin tare da tarihin kowacce

A wannan yanki akwai mafari huɗu da aka fi samu. Na farko shi ne ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya da aka fara a 1967, kuma ƙungiyar Wetlands International ke tsarawa a tsakiyar Janairu, wadda ake ƙirga duk tsuntsun da aka gani a wurin da aka keɓe. Na biyu shi ne aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ke jagoranta, inda aka raba ƙasa gida-gida, kowane gida mai kusan kilomita 9 a kowane gefe, mai dubawa kuma ya shafe aƙalla awa biyu cikin kwana biyar yana rubuta nau'o'in da ya gani, ba tare da ƙirga ɗaiɗaikunsu ba. Na uku shi ne jerin sunayen da masu sha'awar tsuntsaye ke sakawa a eBird, wanda ake neman izinin saukewa kuma ba a biyan kuɗi. Na huɗu shi ne littattafan ɗalibai da na ma'aikatan gandu, waɗanda galibi a takarda suke.

Ga kowane mafari, a buɗe takarda guda a rubuta wanda ya yi ƙidayar, da ƙafa ne ko a kwale-kwale ko a jirgin sama, da madubin hangen nesa na hannu ne ko da babba mai ƙafafu, ƙarfe nawa ake farawa, kuma ina iyakar wurin da aka duba. Idan wanda ya yi aikin yana raye, a neme shi a tambaye shi, domin abin da zai faɗa a cikin rabin awa ba za a same shi a kowane fayil ba.

Gargaɗi: ƙidaya guda tana iya shigowa ta ƙofa biyu. Mutumin da ya yi ƙidayar Janairu yakan saka sakamakon ranar a eBird, abokan tafiyarsa su ma su saka nasu. A kwatanta rana da wuri da sunan mai dubawa, a bar kwafi ɗaya kacal.

4. Zuba komai a jadawali guda

Kowane sahu na jadawalin ya zama ziyara ɗaya zuwa wuri ɗaya a rana ɗaya. Ginshiƙan su ne: wuri, lambobin taswira, rana, shekara, hanyar ƙidaya, mai ƙidaya, awannin da aka shafe, faɗin wurin da aka duba, da adadin da aka gani. A rubuta rana da tsarin shekara, wata, rana, kamar 2019-01-15, saboda Excel yakan juya rana ta koma wata ba tare da ya sanar ba. A yi amfani da sunan kimiyya na tsuntsu, wato Dendrocygna viduata ga kirinjijiya, kuma a riƙe jerin sunaye guda, domin jerin suna saɓawa: balbela tana Bubulcus ibis a wasu, tana Ardea ibis a wasu.

Babban abin da ke rusa irin wannan aiki shi ne rashin bambance sifiri da gurbi. Sifiri yana nufin an je, an duba, ba a ga kirinjijiya ba. Gurbi yana nufin ba a je ba, ko an je amma ba ita ake nema ba. Tsofaffin rahotanni sukan lissafa abin da aka gani ne kawai, saboda haka mai haɗa jadawali shi zai mayar da sifirin da hannunsa, kuma ba zai yi haka ba sai ya tabbatar cewa a ziyarar an rubuta dukkan nau'o'i. A eBird akwai alamar da ke nuna jeri cikakke ne, kuma waɗannan kaɗai ake ɗauka. Inda aka sa harafin X a maimakon adadi, an ga tsuntsun ba a ƙirga ba, don haka ba sifiri ba ne kuma ba ɗaya ba ne. Yana da kyau a zubar da jerin da ya wuce awa biyar ko shida, ko wanda aka yi doguwar tafiya a cikinsa, tunda ba a san a wane tafki aka ga tsuntsayen ba.

Akwai kuma gurbin da a haƙiƙa sifiri ne. Idan masu ƙidaya sun ƙi zuwa wani tafki a wata shekara saboda sun ji labarin ya ƙafe, samfurin lissafi zai cike gurbin da adadi mai kama da na shekarun da akwai ruwa, sakamakon kuma ya kumbura. A duba hoton tauraron ɗan Adam na watan, idan ya nuna busasshiyar ƙasa a rubuta sifiri, a kuma sa alama cewa daga hoto aka samo shi. Wurin da aka kasa zuwa saboda rashin tsaro ko lalacewar hanya ya ci gaba da zama gurbi.

Gargaɗi: a ɗora dukkan wuraren a kan taswira a QGIS kafin a ci gaba. Nguru tana wajen digiri 12.9 arewa da 10.5 gabas, kuma idan aka musanya lambobin biyu, ɗigon zai faɗa wajen iyakar Borno da Adamawa, wato har yanzu cikin Nijeriya, saboda haka kuskuren ba zai fito fili ba sai an kalli taswira.

5. Neman inda ƙidayoyin suka haɗu

Wannan mataki shi ne ƙashin bayan aikin, kuma shi aka fi tsallakewa. A yi ƙaramin jadawali mai shekaru a gefe ɗaya da hanyoyin ƙidaya a ɗaya gefen, a cike kowane gida da yawan ziyarori. A sake yin wani mai wurare da hanyoyin ƙidaya. Abin da ake nema shi ne shekarun da hanya biyu suka yi aiki tare, a wuraren da dukkansu suka taɓa.

Dalilin kuwa, kowace hanya da irin kason tsuntsayen da take gani. Idan aka auna hatsin bara da wani mudu, na bana da wani, ba za a san ko hatsin ne ya ragu ko mudun ne ya fi girma ba, sai an zuba hatsi guda a cikin mudun biyu an gani. Haka idan ƙidayar kwale-kwale ta tsaya a wata shekara, ta ƙafa kuma ta fara bayan shekara biyar, ba tare da sun taɓa haɗuwa ba, babu wata manhaja da za ta raba sauyin hanya da sauyin yawan tsuntsaye. Samfurin zai iya fitar da lambobi duk da haka, kuma nan ne haɗarin yake, domin lambobin ba su da tushe.

Idan babu haɗuwa, zaɓi biyu ne. Ko dai a bayar da sakamakon kowane zamani daban ba tare da haɗa su da layi ɗaya ba, ko a fita a samar da haɗuwar: a zaɓi tafkuna goma ko fiye, manya da ƙanana, masu sarari da waɗanda kacalla ta cinye, ƙungiya biyu su ƙirga kowane tafki a safiya guda, kowace da hanyarta, ba tare da sun faɗa wa juna abin da suka samu ba. A ɗauki hoton manyan garke a ƙirga daga baya, saboda sananne ne cewa ido yakan rage adadi idan garke ya kai dubbai. A ganina kuɗin da aka kashe a wannan fita ya fi amfani fiye da wata guda da za a ɓata ana sauya samfuri.

6. Ƙara abubuwan da ke shafar yawan tsuntsaye

A dausayin Hadejiya-Nguru abu na farko shi ne faɗin ruwa, wanda ya dogara da damina da kuma sakin ruwa daga madatsun Tiga da Challawa a jihar Kano. Ana samun faɗin ruwan kowane wata daga hotunan tauraron ɗan Adam na Landsat tun 1984 ta hanyar Google Earth Engine, hotunan Sentinel-2 kuma sun fi kaifi amma daga 2015 suka fara. Alƙaluman ruwan sama na CHIRPS suna komawa har 1981. A tsaya a kan abubuwa biyu ko uku, domin ziyarori ɗari biyu ba za su ɗauki abubuwa goma ba.

Gargaɗi: tauraro ba ya ganin ruwan da ke ƙarƙashin kacalla, kuma ita kacallar tana ɓoye tsuntsaye daga idon mai ƙidaya. Tafkin da ta mamaye zai nuna raguwa ko da tsuntsayen suna nan, saboda haka a rubuta kason da ta rufe a kowace ziyara idan akwai hali.

7. Gina samfurin lissafi

A fara da zana alƙaluman kowace hanya daban a kalla. Za a ga sifiri da yawa, da ƙananan adadi, da 'yan ziyarori masu dubbai. Irin wannan ba a ɗaukar matsakaicinsa kai tsaye, kuma ba a mayar da shi logaritim a ƙara ɗaya domin a guje wa sifiri, ko da yake ana yawan ganin haka a kundaye. Samfurin da aka yi domin ƙirge shi ya dace. Mafi sauƙinsu, na Poisson, yana ɗauka cewa warwatsuwar alƙaluma daidai take da matsakaicinsu, abin da ba ya faruwa ga tsuntsun da ke tafiya garke-garke. Wanda ya dace shi ne nagatif bainomiyal, wanda a glmmTMB ake kira nbinom2. A ƙara ginshiƙi mai ɗauke da logaritim na awanni, a kira shi lawa, sannan a rubuta:

adadi ~ shekara + hanya + ruwa + offset(lawa) + (1 | wuri)

Ma'anarsa ita ce adadin da aka gani ya dogara da shekara, da hanyar ƙidaya, da faɗin ruwa, bayan an yi la'akari da tsawon lokacin dubawa, kuma kowane wuri yana da nasa matsayin na asali. Dole a gaya wa R cewa shekara da hanya rukunai ne, ba lambobin da ake tarawa ba. Idan masu ƙidaya suna da yawa kuma kowanne ya yi ziyarori da dama, a ƙara su kamar yadda aka ƙara wuri. Idan shekarun sun yi yawa kuma wasu ba su da isassun ziyarori, a koma mgcv a bar shekara ta zama lanƙwasasshen layi.

Gargaɗi: sashen nan na awanni yana ɗauka cewa ninka lokaci yana ninka adadi. Wannan daidai ne ga mai tafiya yana ƙirge a kan hanya, amma wanda ya tsaya bakin ƙaramin tafki ya gama ƙirgarsa cikin minti talatin ba zai ga ninki biyu ba don ya ƙara wasu talatin. A irin wannan hali a saka lawa a matsayin abu na yau da kullum, a bar samfurin ya auna tasirinsa da kansa, ko a yi amfani da faɗin wurin da aka duba.

Bayanan taswirar tsuntsaye, masu cewa an gani ko ba a gani ba, suna iya shiga ta wata dangantaka: idan matsakaicin abin da ake sa ran gani ɗaya ne, yiwuwar ganin aƙalla guda kusan kashi 63 ce cikin ɗari, idan uku ne kuma ta kai kashi 95. Daga nan dangantakar ta cika, garken goma da na dubu goma duk "an gani" ne. Saboda haka ga kirinjijiya gara a ajiye waɗannan bayanai domin tabbatar da inda take samuwa, kada a tilasta musu faɗin adadi. Ga tsuntsu mai ƙaranci da ake gani ɗaya-ɗaya ko biyu-biyu, suna da amfani sosai.

Wanda tambayarsa ita ce ainihin adadi yana buƙatar ƙarin abu: ko dai ziyarori da aka maimaita a wuri guda cikin 'yan kwanaki, waɗanda ƙunshin unmarked ke sarrafawa, ko nisan kowane tsuntsu daga layin tafiya, wanda ƙunshin Distance ke amfani da shi. Na farkon yana ɗauka cewa tsuntsaye ba su shiga ba su fita ba tsakanin ziyarori, kuma agwagin da ke tashi daga tafki zuwa tafki kowace yamma ba sa cika wannan sharaɗi.

8. Gwada samfurin

A miƙa samfurin ga DHARMa a duba ragowar kuskurensa, gaba ɗaya da kuma ga kowace hanya daban, domin yana iya dacewa da wata hanya ya saɓa wa wata. Kada a yi gaggawar ƙara sashen rarar sifiri don kawai sifiri ya yi yawa, sau da yawa nagatif bainomiyal da faɗin ruwa sun riga sun bayyana shi, kuma DHARMa tana da gwajin da zai nuna hakan. Bayan nan a cire wasu wurare gaba ɗaya, a gina samfurin da sauran, a ga ko zai iya hasashen waɗanda aka ɓoye. Wurare ake cirewa, ba ɗaiɗaikun ziyarori ba, tunda ziyarorin wuri guda suna kama da juna kuma za su sa samfurin ya yi kamar ya fi ƙarfinsa. Gwaji na ƙarshe shi ne a cire hanya ɗaya bayan ɗaya a sake lissafi. Idan cire hanya guda ya juya hawa ya koma sauka, to sakamakon na wannan hanyar ce kaɗai, kuma wajibi ne a faɗi haka a rahoto. Haka ma idan garke guda mai girma ne ya ɗaga shekara sukutum.

9. Fitar da sakamako da rubuta shi

A shirya sabon jadawali mai dukkan wurare a dukkan shekaru, a tsayar da hanya a kan guda ɗaya, wadda aka fi amincewa da ita, a tsayar da awanni a kan ma'auni guda, amma a bai wa kowace shekara faɗin ruwanta na gaskiya. Idan aka tsayar da ruwa a kan matsakaici, abin da zai fito shi ne sauyin da ya rage bayan an cire tasirin ruwa, wanda tambaya ce daban. A nemi hasashen kowane wuri tare da matsayinsa na asali, a tara na kowace shekara, a mayar da shekarar da ta fi yawan ziyarori ta zama 100, sauran kuma a auna su da ita.

Domin iyakokin tabbas, a riƙa ɗibar wurare da ƙuri'a ana mayarwa, a sake gina samfurin sau 1000, a jera sakamakon kowace shekara, a zubar da 25 na ƙasa da 25 na sama. Wannan na iya ɗaukar awanni, don haka a sa R ta riƙa adana sakamako bayan kowane zagaye hamsin saboda ɗaukewar wuta. A rahoto, kusa da kowace shekara a nuna yawan wuraren da aka ziyarta da kason jimillar da samfuri ne ya cike shi, shekarar da cikon ya haura rabi kuma a yi mata alama ta daban a zane.

Gargaɗi: ma'aunin hawa da sauka ba adadin tsuntsaye ba ne. Yarjejeniyar Ramsar ta ƙasa da ƙasa kan kare dausayi, wadda tafkin Nguru da mashigin Marma suka shiga jerinta a shekarar 2000, tana duba ko wuri yana ɗaukar tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai, ko kashi 1 cikin ɗari na al'ummar wani nau'i. Domin irin wannan buƙata a kawo abin da aka ƙirga da ido a matsayin mafi ƙarancin adadi, hasashen samfuri kuma a sa shi a gefe da sunansa.

10. Adanawa

A bar fayilolin asali yadda aka karɓe su, kada a gyara komai a cikinsu. Duk gyara, har da sifirin da aka mayar da kwafin da aka cire, a yi shi cikin rubutun umarni na R tare da layi guda na dalili, ta yadda idan ƙidayar Janairu mai zuwa ta shigo, sahu kawai za a ƙara a sake kunna rubutun. A ajiye kwafi a wuri biyu, ɗaya a intanet, a kuma aika wa waɗanda suka bayar da alƙalumansu jadawalin da aka gyara tare da jerin kurakuran da aka samu a nasu ɓangaren.